Finafinan tarihin mawaƙan pank: labarin wa ake ba mu?

Idan fim ya buɗe da rubutun cewa labarin gaskiya ne, gaskiyar wa ake nufi? Ta mawaƙin da ya mutu, ta abokan kiɗansa da suka rage, ta magada, ko ta kamfanin da ya zuba jari? Tambayar ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan saboda finafinan tarihin mawaƙa sun zama babbar kasuwa a Amurka da Ingila. Tun da Bohemian Rhapsody na 2018, wanda ya ba da labarin ƙungiyar Queen, ya tara sama da dala miliyan 900, kamfanoni suka bazama neman mawaƙin da za a tono tarihinsa.

Da neman ya iso kan mawaƙan pank, wanda Turawa ke rubutawa punk, sai ya zo da shari'a. A 2021 Netflix ta sanar da shirin fim kan Joey Ramone, mawaƙin ƙungiyar Ramones, amma a Janairun 2024 matar marigayi Johnny Ramone, mai kaɗa jitar ƙungiyar, ta maka ƙanin Joey a kotu a New York kan wannan fim. A 2021 ɗin kuma tsofaffin 'yan ƙungiyar Sex Pistols sun gurfana gaban alƙali a Landan kan wani fim mai dogon zango da ake shiryawa a kansu. Shi kuwa mai kallo, abin da ya fi saura a kansa bayan an kashe talabijin shi ne cewa pank shaye-shaye ne da ƙazanta da mutuwar ƙuruciya. Akwai waɗannan a ciki, babu mai musu. Amma ba su ne dukkan labarin ba, kuma akwai dalilin da ya sa su aka fi nuna mana.

Mene ne pank ɗin?

Wani reshe ne na kiɗan rok da ya ɓulla a tsakiyar shekarun 1970 a New York da Landan. Waƙoƙinsa gajeru ne masu sauri, jita da ƙara, ganga ba ado, murya a sama. Kundin farko na Ramones da ya fito a 1976 waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, kuma an ɗauke shi a kan kusan dala 6,400, a zamanin da manyan mawaƙan rok ke share watanni a situdiyo.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1975 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin ɗari, marasa aikin yi suka wuce miliyan ɗaya, a 1976 gwamnati ta je neman bashi wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Birnin New York ma a 1975 saura ƙiris ya kasa biyan basussukansa. Yaro ya gama makaranta, ba aiki, ba kuɗin tikitin zuwa kallon attajiran mawaƙa a filin wasa. Sai matasa suka ce to bari mu yi namu.

Wannan "mu yi namu" shi ne ƙashin bayan abin. A farkon 1977 wata 'yar mujallar hannu mai suna Sideburns ta zana hanyoyi uku na riƙe tsirkiyar jita, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa ƙungiyarsa, ya koyi abin da ake bukata ke nan. A watan Janairun wannan shekara Buzzcocks na Manchester suka ranto kusan fam 500 daga dangi da abokai, suka buga faifansu da kansu ba tare da wani kamfani ba. Yara suna ɗinka kayansu, suna buga mujallunsu da injin kwafi, suna kama hayar ƙananan ɗakunan taro. Harkar jama'a ce, ta mutane da yawa waɗanda galibinsu ba su yi suna ba.

Inda tsarin fim ya saɓa da tsarin pank

Fim ɗin tarihin rayuwa daban yake da dokumentari. A dokumentari mutanen da abin ya faru da su ne ke magana, ana nuna tsofaffin hotunansu. A fim ɗin tarihi jarumai ne ke hawa matsayinsu, marubuci ya ƙirƙiro maganganun da babu wanda ya naɗa, ya matse shekaru cikin awa biyu, ya haɗe mutum uku su zama ɗaya, ya ja kwanan wata gaba ko baya. Kuma kusan kullum yana bukatar gwarzo guda wanda zai taso daga ƙasa, ya kai ƙololuwa, ya faɗo.

To a harkar da ta ginu kan cewa kowa ma zai iya, wa za a ɗauka a matsayin gwarzo? Amsar da masana'antar fim ta fi bayarwa ita ce: wanda ya mutu da wuri.

Sid da Nancy

Babu fim ɗin da ya dasa wa duniya hoton pank kamar Sid and Nancy na darakta Alex Cox, wanda ya fito a 1986, Gary Oldman ya fito a matsayin Sid Vicious na ƙungiyar Sex Pistols, Chloe Webb a matsayin budurwarsa Nancy Spungen.

Ga abin da ya tabbata. An kafa Sex Pistols a Landan a 1975 da mutum huɗu: John Lydon da ake kira Johnny Rotten, Steve Jones, Paul Cook da Glen Matlock. Manajansu Malcolm McLaren ne, mai shagon tufafi a titin King's Road tare da Vivienne Westwood. Ranar 1 ga Disamba 1976 suka yi ashar kai tsaye a wani shirin talabijin na yamma, jaridu suka yi musu ca, aka soke yawancin wasannin da suka shirya. A Fabrairun 1977 Matlock ya bar ƙungiyar, aka kawo Sid, abokin Lydon, ya karɓi jitar bas. Sid bai iya kaɗa ta sosai ba. A kundi ɗaya tilo da suka fitar a Oktoban 1977, Steve Jones ne ya kaɗa bas a yawancin waƙoƙin, kuma sunan Matlock na cikin marubutan waƙoƙi 10 daga cikin 12. Ƙungiyar ta watse bayan wasan San Francisco na 14 ga Janairu 1978. Zaman Sid a cikinta bai cika shekara ba.

Ranar 12 ga Oktoba 1978 aka tsinci gawar Nancy a banɗakin ɗaki mai lamba 100 a otal ɗin Chelsea da ke New York, da sukar wuƙa a ciki. Shekarunta 20. Aka kama Sid da zargin kisa, aka ba da belinsa, ya sake faɗawa hannu saboda ya ji wa wani rauni a gidan rawa, ya yi makonni a kurkukun Rikers inda jikinsa ya rabu da ƙwaya. Ranar 1 ga Fabrairu 1979 aka sake shi. Washegari da safe aka same shi a mace, hodar heroin ta fi ƙarfin jikinsa. Shekarunsa 21. Ba a taɓa yin shari'ar ba, 'yan sanda suka rufe fayil.

Fim ɗin ya ɗauki wannan ya yi abubuwa biyu da har yau ake jayayya a kansu. Na farko, ya shiga cikin ɗakin ya nuna yadda wuƙar ta shiga, a tsakiyar rigima tsakanin su biyun, alhali babu kotun da ta tantance abin da ya faru a daren, kuma akwai waɗanda suka daɗe suna zargin dillalan ƙwaya da ke shiga da fita ɗakin. Na biyu, ya ƙawata abin. Akwai fitowar da su biyun ke tsaye a lungu cikin shauƙi, shara na zubowa daga sama a hankali kamar furanni, hoto mai kyau ƙwarai daga kyamarar Roger Deakins. A ƙarshe kuma ba a nuna gawar Sid ba. Wata tasi ce ta tsaya, Nancy na ciki da fararen kaya, ya shiga, suka tafi. Lydon ya yi tir da fim ɗin a littafin tarihinsa na 1994, yana ganin ya mayar da jarabar heroin abin sha'awa. Shi kansa Cox daga baya ya nuna bai gamsu da wannan ƙarshen ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaɓin da aka yi tun farko. Matlock, wanda ya zauna aka rubuta waƙoƙin da shi, yana nan da ransa, har a 2024 ya koma dandamali da Jones da Cook, amma ba a ga labarinsa ya isa fim ba. Wanda bai iya kiɗan ba, wanda ƙwaya ta cinye shi yana yaro, shi aka mayar fuskar harkar gaba ɗaya.

Kuma ba shi kaɗai ba. What We Do Is Secret na 2007 kan Darby Crash ne na ƙungiyar Germs ta Los Angeles, wanda ya kashe kansa da heroin ranar 7 ga Disamba 1980 yana da shekara 22. Control na 2007 kan Ian Curtis ne na Joy Division, ƙungiyar da ta tsiro daga pank, wanda ya kashe kansa a Mayun 1980 yana da shekara 23. Control dai ya fi sauran kamun kai. An gina shi kan littafin matarsa Deborah, ya nuna ciwon farfaɗiyar da ya addabe shi, da aikin ofis da yake yi, da matar da ya bari da jaririya. Duk da haka, ka jera su ukun ka ga inda kasuwa ta karkata.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma wane ne mai ita?

Fim ɗin mawaƙi ba ya tafiya sai da waƙoƙinsa, waƙoƙin kuma suna da masu haƙƙin mallaka. Duk wanda ke riƙe da wannan haƙƙi yana da ta cewa kan yadda labarin zai kasance, ko ya hana a yi shi baki ɗaya. Mai kallo ba ya ganin wannan a allo, amma shi ke juya komai.

Dubi Pistol, fim mai kashi shida da Danny Boyle ya ba da umarni a 2022. An ɗauko shi daga littafin Steve Jones, don haka Jones ne tsakiyar labarin: ƙuruciyarsa mai ɗaci, sace-sacensa, rashin iya karatunsa. Lydon ya ƙi amincewa a yi amfani da waƙoƙin, yana cewa ba a tuntuɓe shi yadda ya kamata ba. Jones da Cook suka kai shi Babbar Kotun Landan, suka kafa hujja da wata yarjejeniyar 1998 da ta ce ra'ayin mafi rinjaye ake bi wajen ba da izinin waƙa. A Agustan 2021 alƙali ya ba su gaskiya. Aka yi fim ɗin da kalmomin da Lydon ya rubuta, aka sa wani ya kwaikwaye shi, ba da son ransa ba.

Wannan ƙungiya ta taɓa ganin irin haka. Darakta ɗaya, Julien Temple, ya yi finafinai biyu a kanta masu karo da juna. Na 1980 bakin McLaren ne, inda ya nuna shi ya ƙirƙiri yaran don ya damfari kamfanonin waƙa. A 1986 'yan ƙungiyar suka ƙwato haƙƙoƙinsu daga hannunsa ta hanyar kotu. A 2000 sai Temple ya dawo da The Filth and the Fury, wannan karon bakin yaran ne, har aka ji Lydon yana kuka kan mutuwar Sid. Abubuwan da suka faru ba su canza ba tsakanin finafinan biyu. Mai riƙe da haƙƙi ne ya canza.

Ta Ramones kuwa tamkar rikicin rabon gado ce a gidan da iyaye suka ƙare. Mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar duk sun rasu: Joey a 2001, Dee Dee a 2002, Johnny a 2004, Tommy a 2014. A lokacin da aka shigar da ƙarar, kamfanin da ke kula da sunan ƙungiyar rabi da rabi ne tsakanin ƙanin Joey da matar Johnny, kuma Joey da Johnny sun yi shekaru ba sa ga maciji tun suna raye. Fim daga littafin ƙanin Joey ba zai yi wa ɓangaren Johnny daɗi ba, shi ya sa aka tafi kotu.

Rashin izini yana rame fim. CBGB na 2013 labarin Hilly Kristal ne, wanda ya buɗe wata ƙaramar mashaya a unguwar Bowery a 1973, wurin da Ramones da Patti Smith da Blondie da Television suka yi tashe. Alan Rickman ya fito a matsayinsa. An nuna Ramones a fim ɗin amma babu waƙar ƙungiyar ko ɗaya, kuma a Savannah ta jihar Jojiya aka ɗauki yawancinsa, ba a New York ba. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca.

Waɗanda aka bari a bakin ƙofa

Wanda finafinan nan kaɗai ya kalla zai ɗauka pank harkar fararen samari ce zalla. Ba haka ba ne. Poly Styrene ta ƙungiyar X-Ray Spex, ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi ƙarfi a Landan ta 1977, mahaifinta ɗan Somaliya ne. Don Letts, ɗan asalin Jamaika, shi ke sa faifai a gidan rawa na Roxy, kuma kiɗan rege na Jamaika yake sa wa yaran pank tsakanin wasa da wasa, abin da ya shiga cikin kiɗan The Clash da The Slits. A Washington akwai Bad Brains, baƙaƙen fata ne dukkansu, kuma da wuya ka sami mai kiɗan pank mai zafi a Amurka da bai koyi wani abu daga gare su ba. Ranar 30 ga Afrilu 1978 dubun-dubatar mutane suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park don nuna adawa da wariyar launin fata da jam'iyyar National Front, The Clash da X-Ray Spex da Steel Pulse suka yi wasa. A gefe guda kuma Sid na yawo da riga mai tambarin 'yan Nazi. Duka biyun suna cikin tarihin, amma rigar ce ta fi samun kyamara.

Labarin waɗannan mutane sai a dokumentari ake samunsa, irin White Riot na 2019 da wanda 'yar Poly Styrene ta shirya kan mahaifiyarta a 2021. Manyan kuɗin fim ɗin jarumai ba su bi ta kansu ba.

The Runaways na 2010 ya zo da mata a gaba, 'yan mata biyar da suka kafa ƙungiya a Los Angeles a 1975 suna 'yan shekara sha-wani-abu. Amma daga littafin mawaƙiyarsu Cherie Currie aka ɗauko shi, mai kaɗa musu jita Joan Jett na cikin masu shiryawa, sai labarin ya zama nasu su biyu. Mai kaɗa bas, Jackie Fox, ba ta ba da izinin amfani da rayuwarta ba, aka ƙirƙiri wata yarinya aka sa a gurbinta. A 2015, bayan mutuwar manajansu Kim Fowley, Jackie ta fito ta zarge shi da yi mata fyaɗe tana shekara 16. A fim ɗin, Fowley mutum ne mai baƙar magana da mugun hali wanda duk da haka yakan ba mai kallo dariya. Wanda ya tsaya a fim ɗin ba zai taɓa jin wannan zargi ba.

Finafinai biyu da suka bi wata hanya

Good Vibrations, wanda ya shiga sinima a 2013, gwarzonsa ba mawaƙi ba ne. Terri Hooley ne, wani mai ido ɗaya da ya buɗe shagon faifai a titin Great Victoria na Belfast a tsakiyar rikicin Ireland ta Arewa, rikicin da ya ci rayuka sama da 3,500. A garin da aka raba unguwanni tsakanin Katolika da Furotesta, yaran ɓangarorin biyu suna haɗuwa a wasan pank ba mai tambayar wani cocinsa. Hooley ya buga faifan Teenage Kicks na The Undertones a 1978, mai gabatar da shiri John Peel ya sa shi sau biyu a jere a rediyon BBC. Fim ɗin bai ɓoye cewa Hooley bai iya riƙon kuɗi ba, kuma iyalinsa sun sha wahalar haka. Amma ya nuna shago, da motar da ake cusa yara a ciki zuwa wasa a ƙauyuka, da hannayen da ke naɗe bangon faifai ɗaya bayan ɗaya. A ganina wannan ya fi kowane kusa da abin da pank yake.

Shi kuwa 24 Hour Party People na 2002 gaskiyarsa ita ce bai ɓoye cewa yana ƙari ba. Ya nuna wasan Sex Pistols na 4 ga Yuni 1976 a wani ƙaramin zaure a Manchester, mutum kusan arba'in a kan kujeru, cikinsu har da samarin da suka kafa Joy Division daga baya. A wata fitowa kuma, bayan an nuna wani abin kunya da aka jingina wa mawaƙi Howard Devoto, sai ga Devoto na gaske ya bayyana a matsayin mai shara, ya kalli kyamara ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Darakta ya bar wa mai kallo ya san cewa akwai wani bakin.

Hujjar masu shiryawa, da abin da ya shafi mai kallo

Masu shirya finafinan suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa fim ba littafin tarihi ba ne, aikinsa ya sa ka ji yadda zamanin yake. Masu kare Cox suna cewa duk wanda ya kalli rabin ƙarshen fim ɗinsa, su biyun a kwance cikin datti a ɗakin otal ba sa iya ko tashi, ba zai yi sha'awar ƙwaya ba. Finafinan kuma suna jawo sababbin masu sauraro, su kawo ɗan kuɗi ga tsofaffin mawaƙan da yawancinsu ba su tara komai ba a zamaninsu.

Na yarda da rabin wannan. A ja kwanan wata ko a haɗe wasanni biyu su zama ɗaya, wannan ba ya cutar da kowa. Amma a yanke hukunci kan kisan da kotu ba ta yanke ba, ko a share mutum daga tarihin ƙungiyarsa don bai sa hannu a takarda ba, wannan ya wuce gyaran labari. Galibin masu kallo ba za su je su bincika ba, abin da suka gani shi zai zauna musu a matsayin tarihi. Kasuwa kuma ta fi son hoton da za a iya sayarwa: fuskar Sid na kan riguna a duniya, CBGB ta rufe a 2006, wurin ya koma shagon tufafi masu tsada.

Matashin da ke kallon waɗannan a wayarsa a Kano ko Maraɗi, wanda bai san Landan ta 1976 ba amma ya san abokin da ƙwaya ta lalata, shi ya fi bukatar a gaya masa yadda aka dafa abin da yake ci. Kafin ya gaskata, ya duba daga littafin wa aka ɗauko labarin, ya karanta sunayen masu shiryawa a ƙarshe ya ga ko ɗaya daga cikin mutanen labarin na ciki, sannan ya nemi bakin waɗanda ba a tambaya ba. A labarin Sid da Nancy akwai irin wannan baki. Mahaifiyar Nancy, Deborah Spungen, ta fitar da littafi a 1983, shekara uku kafin fim ɗin, inda ta bayyana yadda 'yarta ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa tun tana ƙarama da yadda iyalin suka yi ta yawon asibitoci ba su sami mafita ba. Bayan kisan ta shafe shekaru tana aikin tallafa wa iyalan waɗanda aka kashe musu 'yan uwa a Philadelphia.